Talabijin Mai Ƙwaƙwalwa da Sirrin Gida: Nazari a kan Tattara Bayanan Masu Kallo

1.0 Gabatarwa

Tun daga ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin da aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a birnin Ibadan, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, hulɗar da ke tsakanin akwatin talabijin da mai kallonsa hanya ɗaya take bi. Tasha ta watso shiri, eriya ta kamo, mutanen gida su zauna su kalla. Babu wata kafa da labari zai bi ya koma wa tashar, balle kamfanin da ya ƙera akwatin, don a san wane shiri aka kalla, ko a wane lokaci aka kashe aka kwanta.

Wannan tsari ya sauya tun da aka fara haɗa talabijin da intanet. Igiyar da ke kawo shiri cikin ɗaki ita ce kuma ke ɗaukar labarin mai kallo ta fita da shi. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake wannan aiki, da shari'o'in da suka tona shi, da dalilin da ya sa kamfanoni suka duƙufa a kansa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tattara bayanan mai kallo ba kuskuren wani injiniya ba ne. Ginshiƙi ne na cinikin talabijin a yau, kuma yardar da ake cewa an nema kafin a yi shi ba ta dace da yanayin na'urar da gida guda ke taruwa a gabanta ba.

2.0 Mece ce Talabijin Mai Ƙwaƙwalwa?

Abin da ake nufi da talabijin mai ƙwaƙwalwa a nan shi ne akwatin da aka sanya wa ƙaramar kwamfuta a ciki, yana hawa intanet da kansa, yana kuma ɗauke da manhajoji irin su YouTube da Netflix. Kowane babban kamfani da tsarin da yake ɗora wa nasa: Samsung na amfani da Tizen, LG na amfani da webOS, Hisense na da VIDAA, wasu kuma sun jingina da tsarin Google ko na Roku. Akasarinsu na da makirufo a jikin rimot domin karɓar umurni da murya, wasu ƙalilan har da kyamara.

3.0 Auna Masu Kallo a Zamanin Da

Son sanin abin da jama'a ke kallo ba sabon abu ba ne, domin da shi ake yanke kuɗin talla. A Amurka, kamfanin Nielsen ya fara auna masu kallon talabijin a shekarar 1950. Hanyar da ya bi ita ce zaɓar wasu gidaje ƙalilan, a nemi izininsu, a maƙala wa akwatinsu na'ura ko a ba su littafi su riƙa rubuta abin da suka kalla, sannan a ƙiyasta na sauran jama'a daga nasu. Gidan da aka zaɓa ya san an zaɓe shi, wanda ba a zaɓa ba kuma babu ruwan kowa da shi.

Akwai wani lamari da ya nuna yadda Amurkawa suka ɗauki wannan batu a wancan zamani. A shekarar 1987 Shugaba Ronald Reagan ya gabatar da sunan mai shari'a Robert Bork domin zama alƙali a Kotun Ƙoli. Ana cikin muhawara a kansa, sai wata jarida a Washington ta samo jerin finafinai 146 da aka ara da sunan gidansa daga wani shagon hayar kaset ɗin bidiyo, ta buga labari a kai. Babu abin kunya a jerin, amma hankalin 'yan majalisa ya tashi, watakila don kowannensu ya tuna da nasa shagon. A shekarar 1988 suka kafa doka da ta hana mai shagon bidiyo bayyana abin da mutum ya ara ba da izininsa ba. Abin dariya a ciki shi ne, Bork yana daga cikin masu ra'ayin cewa tsarin mulkin Amurka bai tanadi wani haƙƙin sirri na gaba ɗaya ba. Jerin kaset na gida ɗaya ke nan ya haifar da doka. Abin da talabijin ke tattarawa a yau ya fi wannan nesa ba kusa ba.

4.0 Yadda Talabijin ke Gane Abin da Ake Kallo

Babbar hanyar tattara bayani ita ce dabarar gane shiri kai tsaye, wadda masana ke taƙaita sunanta da haruffan ACR. Aikinta ya yi kama da na manhajar Shazam, wadda ake kara wa waƙa na ɗan lokaci ta faɗi sunanta. Kwamfutar da ke cikin akwatin takan ɗauki ɗan samfuri daga hoton da ke kan allo, ko daga sautin da ke fita, ta mayar da shi wasu lambobi da suka keɓanta da wannan hoton, kamar yadda zanen yatsa ya keɓanta da mai shi. Waɗannan lambobi ake aikawa zuwa manyan kwamfutocin kamfani, inda aka tara irin wannan zane na shirye-shiryen tashoshi da finafinai da tallace-tallace. Da zarar an sami wanda ya yi daidai, an san abin da ake kallo a wannan gida da kuma daƙiƙar da ake ciki a shirin.

Ya kamata a lura cewa ba hoton kansa ake aikawa ba, zanensa ne na lambobi. Kamfanoni na yawan kafa hujja da wannan. Sai dai hujjar ba ta da ƙarfi, domin abin da ake nema shi ne sunan shirin, kuma an same shi.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Davis da Kwalejin Jami'a ta Landan da Jami'ar Carlos III ta Madrid suka fitar a shekarar 2024 ya duba talabijin na Samsung da LG a Amurka da Ingila. An bayyana cewa na Samsung kan ɗauki samfuri duk rabin daƙiƙa, ya aika duk minti ɗaya; na LG kuwa kan ɗauka sau 100 a daƙiƙa guda, ya aika duk daƙiƙa 15. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, dabarar na aiki ko da ba manhajar talabijin ɗin ake amfani da ita ba. Idan aka jona dikoda, ko kwamfutar tafi-da-gidanka, ko na'urar wasan yara ta igiyar HDMI, duk abin da ya bayyana a allon yana iya shiga cikin abin da ake ɗaukar samfurinsa. Wato wanda ya mayar da akwatin allo kawai, yana zaton ya kauce wa manhajojin kamfanin, bai kauce ba matuƙar akwatin na haɗe da intanet.

Hanya ta biyu ita ce ta manhajojin da mutum ke saukewa da kansa. A shekarar 2019 masana daga jami'o'in Princeton da Chicago sun gwada tashoshi 1,000 a kan Roku da wasu 1,000 a kan Amazon Fire TV. Sun tarar da alamun masu bibiya a kashi 69 cikin ɗari na tashoshin Roku da kashi 89 cikin ɗari na na Amazon.

To, me sanin sunan shiri zai yi wa kamfani? Amsar tana cikin adireshin intanet. Duk na'urorin da ke hawa intanet ta hanya ɗaya a cikin gida, da talabijin da wayoyi da kwamfuta, adireshi ɗaya suke nunawa ga na waje. Saboda haka wanda ya riƙe adireshin talabijin yana iya danganta shi da wayoyin da ke wannan gida. Mutum zai ga tallan mota a talabijin da dare, washegari ya tarar da tallan wannan motar a wayarsa, ya ɗauka katari ne. Bayan talla kuma akwai abin da jerin kallo ke fallasawa da kansa. Wanda aka san tashar wa'azin da yake bi, da gidan labaran da yake saurare, da harshen finafinansa, da shirin lafiyar da ya yi ta maimaitawa, da lokacin da ake kunna shirin yara, an kusa sanin aƙidarsa da ra'ayinsa na siyasa da ƙabilarsa da ciwon da ke damunsa da yawan iyalinsa, ba tare da an tambaye shi ko sunansa ba.

5.0 Shari'ar Vizio

Shari'ar da ta fi fito da wannan al'amari fili ita ce ta kamfanin Vizio na jihar Kalifoniya. A watan Fabrairun 2017 Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka, tare da babban lauyan jihar New Jersey, suka sanar da cewa kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.2 domin a sasanta tuhumar da ake yi masa. Tuhumar ita ce, tun daga watan Fabrairun 2014 yake tattara bayanin abin da ake kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa a akwatuna miliyan 11 ba tare da sanin masu su ba. Ba sababbin akwatuna kaɗai aka sanya wa dabarar ba. Waɗanda aka riga aka sayar ma an tura musu ita ta intanet, suna zaune a ɗakunan mutane.

Sunan da aka raɗa wa dabarar a cikin saitin akwatin shi ne Smart Interactivity, aka kuma bayyana ta a matsayin hanyar ba mai kallo shawarar shirye-shirye. Ba a ce masa ana rubuta abin da yake kallo ba. Bisa ga takardar ƙarar, kamfanin na tara ɗigon bayani har biliyan 100 a kowace rana. Yana kuma miƙa adireshin intanet na gidaje ga dillalan bayanai, su haɗa shi da jinsin mutum da shekarunsa da kuɗin shigarsa da matsayin aurensa da yawan mutanen gidansa da zurfin karatunsa da ko gidan nasa ne ko haya. Kamfanin bai sayar da sunaye ba, gaskiya ne. Amma wanda ya san duk waɗannan abubuwa game da gida, rashin sanin sunan mai gidan bai rage masa komai ba.

A ƙarƙashin sulhun an wajabta wa Vizio ya goge bayanan da ya tara kafin 1 ga Maris 2016, kuma ya riƙa neman yardar mai kallo a sarari. Daga baya ya amince da biyan dala miliyan 17 a wata ƙarar da masu saye suka shigar. Idan aka raba tarar farko a kan yawan akwatunan, kowane akwati ya tashi a kan santi 20. Da wuya a kira wannan horo.

5.1 LG da Samsung

Kafin wannan, a watan Nuwamban 2013, wani masanin kwamfuta a Ingila ya binciki abin da talabijin ɗinsa ta LG ke aikawa, ya tarar tana tura sunan tashar da yake kallo ko da ya kashe maɓallin da ya kamata ya hana hakan. Har sunayen fayilolin da ke cikin filashin da ya jona tana turawa, kuma ba a lulluɓe ba. Kamfanin ya amsa laifin, ya yi alƙawarin gyara manhajar.

A watan Fabrairun 2015 kuma hayaniya ta tashi a kan Samsung, bayan an lura da wani gargaɗi a cikin takardar sharuɗɗansa: idan mutum ya furta wata maganar sirri yayin amfani da umurnin murya, tana iya shiga cikin abin da za a aika wa wani kamfani na daban. Daga bisani Samsung ya bayyana cewa kamfanin shi ne Nuance, mai mayar da murya rubutu, kuma ya musanta cewa akwatin na sauraren hirar ɗaki. Jaridu sun yi ta kwatanta lamarin da allon nan mai kallon masu kallonsa a littafin George Orwell na shekarar 1949. Kwatancen ya ƙara samun gindin zama a watan Maris 2017, sa'ad da WikiLeaks ta fitar da takardun da ke bayanin wata manhaja mai suna Weeping Angel, wadda aka ce hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya ne suka haɗa, don sa wani samfurin Samsung ya yi kamar a kashe yake alhali makirufonsa na ɗaukar magana. Sai dai wannan sai an kai hannu jikin akwatin an sanya ta, kuma don wasu mutane ƙididdigaggu aka yi ta. Tsoron makirufo ya fi shiga zukata, amma abin da ya shafi miliyoyin gidaje a kullum shi ne rubuta jerin kallo.

6.0 Dalilin Duƙufa a kan Bayanai

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Farashin talabijin ya yi ta sauka a kasuwannin duniya yayin da girman allonta ke ƙaruwa, har ribar da ke cikin sayar da akwatin kanta ta zama 'yar kaɗan. Akwati kuwa ana saye ne sau ɗaya a shekaru masu yawa. Kamfani sai ya nemi hanyar da zai ci gaba da samun kuɗi daga akwatin bayan ya bar shago, wato ta sanya talla a allon farko, da karɓar kamasho daga masu manhajoji, da sayar da bayanan kallo.

Lissafin Vizio ya nuna wannan ƙarara bayan ya shiga kasuwar hannun jari a shekarar 2021. A rubu'i na uku na wannan shekara, ribar da ya samu daga ɓangaren talla da bayanai ta haura dala miliyan 57, ta sayar da na'urori kuwa ba ta kai miliyan 26 ba. A watan Fabrairun 2024 katafaren kantin nan na Walmart ya sanar da sayen Vizio a kan dala biliyan 2.3, aka kammala cinikin a watan Disamba na shekarar. Walmart ya riga ya san abin da abokin cinikinsa ke saye. Yanzu yana da hanyar sanin tallan da ya gani kafin ya saya. Sauran kamfanoni ma haka: Samsung na da sashensa na talla, LG kuma ya sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin Alphonso mai nazarin bayanan kallo a shekarar 2021. Mai saye yana ganin ya yi araha, alhali ragowar kuɗin da bayanan gidansa yake biya, sannu a hankali, muddin akwatin na aiki.

7.0 Matsalar Yarda

Tun bayan shari'ar Vizio, amsar da kamfanoni ke bayarwa ita ce an nemi izini. A nan ne rauni mafi girma yake. Ana neman iznin ne a ranar da aka buɗe kwali, lokacin da kowa ke ɗokin ganin hoto ya fito. Sharuɗɗan dogaye ne, cikin yaren lauyoyi, ana karanta su daga nesa da rimot a hannu. Maɓallin amincewa da komai yakan kasance ɗaya, a sarari; na ƙin amincewa kuwa sai an bi lunguna. Jaridar New York Times ta ruwaito a shekarar 2018 cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda kamfanin Samba TV ya gabatar wa tayinsa sun amince, kuma tayin ya fi ƙarfafa batun shawarar shirye-shirye. A shekarar 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Jamus ta kammala bincike, ta ce sharuɗɗan sirri na kusan dukkan masu ƙera talabijin da ke kasuwar ƙasar ba su fito da gaskiyar abin da ake yi a sarari ba, sun kuma saɓa wa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018. A watan Disamban 2025 babban lauyan jihar Texas ya shigar da ƙara a kan Sony da Samsung da LG da Hisense da TCL bisa zargin irin wannan tattara bayani.

Ko da an gyara duk wannan, akwai sauran rina a kaba. Tsarin neman yarda an gina shi ne a kan mutum ɗaya da na'urarsa, kamar waya. Talabijin ba haka take ba. Mai gida ya danna, amma matansa da 'ya'yansa da baƙonsa da maƙwabcin da ya shigo kallon ƙwallo duk sun shiga lissafi, ba wanda ya tambaye su. A garuruwan Nijeriya ma sau da yawa ba mai gidan ne ke dannawa ba. Yaron shago ne ke kunna akwatin don ya nuna lafiyarsa ƙalau, ko mai haɗa dish ya bi matakan farko da sauri ya miƙa rimot. Idan kuwa na hannu aka saya, yardar da ke cikinsa ta wani ce da ba a sani ba, wataƙila a wata ƙasa. A al'adar Bahaushe baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya wucewa cikin gida sai da sallama da izini. Wannan baƙo kuwa mazauninsa ƙuryar ɗaki, kuma wanda ya yi masa iso ba ɗan gidan ba ne.

8.0 Matsayin Doka a Nijeriya da Abin da Mai Kallo ke Iya Yi

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta ƙasa. Dokar ta shafi har kamfanin da ba ya cikin Nijeriya, matuƙar yana sarrafa bayanan wanda ke cikinta. Ta ce shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne, kuma nauyin tabbatar da an sami yardar yana kan mai tattara bayanin. Ta sanya bayanan addini da siyasa da lafiya da ƙabila cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta neman iznin iyaye a kan bayanan yara. Babban kamfani da ya saɓa yana iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Yulin 2025 hukumar ta ci tarar Multichoice Nigeria, mai DStv da GOtv, naira miliyan 766 saboda keta sirrin masu hulɗa da shi da fitar da bayanansu waje ba bisa ƙa'ida ba. Shi wannan yana da ofis a Legas. Kamo kamfanin da ya ƙera akwati a Koriya ko Sin, bayanan kuma suna sauka a wata ƙasa ta uku, aiki ne da ya fi wannan wuya.

Abin da ke hannun mai kallo ba shi da yawa, amma yana da amfani. Binciken 2024 da aka ambata ya tarar cewa idan aka kashe dabarar gane shiri daga saiti, aika bayanan nata yana tsayawa. Wahalar ita ce gano ta, domin kowane kamfani da sunan da ya ɓoye ta a ƙarƙashinsa: a Samsung Viewing Information Services ne, a LG Live Plus, a Vizio Viewing Data. Ofishin hukumar FBI na Portland ya taɓa ba da shawara a shekarar 2019 cewa wanda bai iya kashe kyamarar akwatinsa ba ya manna mata baƙin tef. Wanda ya sayi na hannu yana iya mayar da shi saitin masana'anta, ya amsa tambayoyin da kansa. Wanda kuma dikoda kaɗai yake kallo ba ya buƙatar haɗa akwatin da intanet ko kaɗan, kuma gidaje da yawa a Nijeriya haka suke, ba don tsoron leƙen asiri ba sai don tsadar data. Kashe dabarar dai ba ya hana YouTube ko Netflix rubuta abin da aka kalla a cikin manhajarsu, kuma yana da kyau a sake duba saitin duk lokacin da akwatin ya sabunta manhajarsa, domin a irin wannan lokaci ne akan sake gabatar da sharuɗɗan.